A bar yara su hau dutse, a raba su da ruwa sai kaka ta yi nisa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da sauran ma'aikatan wannan jarida. Ɗan fili nake nema in sa baki a wata magana da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a unguwanninmu na nan Garwa, a arewacin Kamaru, tun da aka shiga dogon hutun makaranta. Samari sun ɗauko sabon salo: su yi karo-karo, su ɗauki shatar mota, su nufi duwatsu. Wasu Gidar, wasu Mindif, masu ƙarfin aljihu har Rumsiki. Su hau dutse, su faɗa rafi, su dawo su cika Facebook da TikTok da hotuna. Dattawa kuwa sun ce a hana. An faɗa a majalisa, an faɗa a ƙofar masallaci bayan isha'i, wani maƙwabcina ma har rantsuwa ya yi cewa ɗansa da motar yawo sai dai kallo.

Ni direba ne, a kan waɗannan hanyoyi furfura ta same ni, kuma motata tana cikin waɗanda yaran ke ɗauka shata. Saboda haka duk wanda ya ce tuwona nake karewa bai yi ƙarya ba. Amma a ji ni tukuna. A ganina dattawa sun haɗa abubuwa biyu sun yi musu kuɗin goro. Hawan dutse daban, shiga ruwa daban. A wannan lokaci na ƙarshen damina na farkon ya fi kowane lokaci daɗi, na biyun kuwa shi ne yake cinye mana 'ya'ya.

Wanda bai ga duwatsun Mandara a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba ba, bai gan su ba. Shekarun da nake ɗaukar Turawa 'yan yawon buɗe ido, daga Disamba zuwa Fabrairu suke zuwa, don gudun taɓo, ga kuma namun dajin Waza da sai da rani ake ganinsu sosai. Sai mu isa Rumsiki hazo ya rufe ko'ina, ciyawa ta bushe, ƙasa ta yi fari fat, su tsaya suna ɗaukar hoton ƙura suna murna. Ni kuwa dariya nake a ciki, don na san yadda wurin yake in ruwa ya wanke sama. Yanzu ne gero da dawa suka fi mutum tsayi a gonakin nan na bene-bene da mutanen dutse, Mafa da Kapsiki da sauransu, suka gina da hannu tun daga gindin dutse har wuyansa. Kowace kwana ka karya sai ka ga ƙorama tana gangarowa daga inda da rani babu komai sai falalen dutse. Ga ɗanyar masara ana gasawa a bakin hanya, ga gyaɗa sabuwar tona, ga nono ya yi araha. In ka tsaya a bakin kwarin Rumsiki da hantsi, dutsen nan da ake bugawa a kalanda yana tsaye sak kamar taɓarya, mita 1,224 daga doron teku, kana hango ƙasar Najeriya a can ɗaya gefen kwarin. Ragowar tsohon dutse mai aman wuta ne. Narkakken dutsen da ya daskare a maƙogwaronsa shi ya rage a tsaye, ruwa da iska suka cinye abin da ke kewaye da shi.

Tun watan Fabrairun 2013, da 'yan Boko Haram suka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya a wajen Dabanga, ƙafar baƙi ta ɗauke. Masu yi wa baƙi jagora suka koma gona ko haya da babur. Maƙeran da ke zuba tagulla, masaƙa, mata masu ginin tukwane, kowa ya rasa kasuwa. Yanzu da yaranmu suka fara zuwa, ɗan abin da suke kashewa a can ba ƙaramin taimako ba ne. Kuma mu faɗi gaskiya, akwai alhazai a garin nan da suka san lungunan Makka da kasuwannin Dubai, amma ba su taɓa taka Mokolo ba. Yaron da ya hango dutsen Mora, inda sojojin Jamus suka maƙale daga Agustan 1914 har Fabrairun 1916, Ingilishi da Faransawa sun kewaye su sun kasa sauko da su, ya san wani abu na tarihin ƙasarsa wanda allo bai ba shi ba. A 2025 hukumar UNESCO ta sa tsoffin gine-ginen duwatsu na Diy-Gid-Biy, a cikin Mandara ɗin nan tamu, a jerin kayan tarihin duniya, kamar yadda ta sa Sukur ta ɓangaren Najeriya tun 1999. Mutanen nesa su san darajar abu, mu da ke gindinsa mu ce yaranmu kada su kalla? Tafiya dai mabuɗin ilmi ce.

To, sai maganar ruwa, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Yaron birni ya san rafukan nan da muke kira mayo a matsayin filin yashi. Wata bakwai ko takwas a shekara a cikinsu ake buga ƙwallo, ake shanya wanki, ake tona rijiyar hannu. Ko da damina, yawancin ranaku ruwan iyakarsa ƙauri. Abin da bai sani ba shi ne ruwan da zai kashe shi ba a kansa ake yinsa ba. Mayo Tsanaga da ke ratsa Marwa da Mayo Luti da ke bi ta Gidar duk daga duwatsun wajen Mokolo suka taso. Can kuwa ƙasa ba ta da kauri, ƙarƙashinta falalen dutse ne, ga gangara. Zuwa ƙarshen Agusta, bayan marka, ɗan abin da ƙasar za ta sha ta riga ta sha ta ƙoshi. Duk ruwan da ya sauka, gangarowa yake yi gaba ɗaya, ƙorama ta zuba a ƙorama, su haɗu a mayo, su taho. Kai kana can ƙasa rana na dukanka, sama tangaran, ba ka ji ko tsawa ba.

Na ga zuwansa da idona a wata hanyar ƙauye a gindin duwatsun, a bakin radiye, wato inda aka zuba siminti a ƙasan rafi mota ta ratsa maimakon gada. Mun tsaya lagireto ya huce. Mata na wanki, yara na wasa a ruwan da bai kai gwiwa ba. Sai wani makiyayi da ke kan tudu ya fara ihu yana kaɗa sanda. Matan nan ba su tsaya tambaya ba, kowace ta fizgi ɗanta ta yi sama, suka bar roba da zannuwa. Ƙara muka fara ji, wani irin gurnani daga sama da kwanar rafin, sannan wata iska mai sanyi. Sai ga shi ya karyo kwana, ja wur, gabansa ya turo kumfa da karan dawa da rassan itace. Kafin mutum ya sallame raka'a biyu radiyen ya ɓace, robar wankin nan tana can tana juyawa a tsakiya. Fasinjojina, duk 'yan birni, da ihun ya tashi tsayawa suka yi suna tambayar me ya faru. Da a cikin rafin suke, a nan za a bar su. Muka yi zamanmu a gindin wata tsamiya, kafin la'asar sakaliya ruwan ya ja, muka haye lafiya.

Direbobi 'yan'uwana, wannan ita ce dokar radiye: in ba ka ganin bakin simintin, ba ka haye ba. Ruwan da ke gudu in ya kai rabin taya yana iya ɗage ƙaramar mota ya ajiye ta gefe, kuma ba ka san ko ya riga ya cinye ƙasan simintin ba. Ruwan dutse ba ya daɗewa, sa'o'i kaɗan ne ya wuce. Fasinja zai yi ta mita, wani ma ya ce maka matsoraci. Bar shi ya faɗa. Wanda yake ganin siminti ya fi ƙarfin ruwa ya tuna gadar Palar ta Marwa, a kan babbar hanyar Mora da Kuseri, wadda ta rufta a ƙarshen Agustan 2020.

Wurin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kwazazzabon Kola, 'yan kilomitoci daga Gidar. Shi ne yaran suka fi so don ya fi kusa da mu, kuma hoto yana kyau a ciki. Mayo Luti ne ya huda dutse ya yi wa kansa hanya, bango dama bango hagu, baƙi da toka-toka, a wasu wurare ya fi mita 20, ruwa ya goge shi ya yi santsi. Da rani kana tafiya a ƙasansa a kan yashi, abin sha'awa. Da damina kuwa duk faɗin rafin nan a cikin wannan matsi yake shiga. Wanda yake ƙasa lokacin da ruwa ya taho ba shi da abin kamawa ya hau, ko gwanin iyo ne. Ni na daina kai kowa can daga Yuni har sai an ci kaka. Wasu samari sun yi fushi sun ɗauki wata motar, na ce Allah ya kiyaye hanya. Kola ba gudu za ta yi ba, a je a Disamba.

Binuwai kuma, wato kogin da ke ratsa Garwa, nata salon daban. Ita ba ta zuwa da gurnani, shi ya sa ta fi yaudara. Samanta kwance lumui, ƙasanta igiyar ruwa na ja. Da rani masu tifa suna haƙar yashi a gadonta, su bar ramuka. Ruwa ya zo ya rufe. Yaro yana takawa a ruwa iya cibiya, taki ɗaya ya ji babu ƙasa. In kuma da wandon jins ko jallabiya ya shiga, kayan su sha ruwa su riƙe shi. Ga dorina, wadda duk ɗan Garwa ya san tana nan ba nisa da gada, kuma mai ɗa a gefe ba ta da wasa. Sannan ga madatsar Lagdo, wajen kilomita 50 daga nan, wadda 'yan Sin suka gina aka gama a 1982, wadda muke shan wutar lantarkinta. In tafkin ya cika a ƙarshen damina dole a buɗe ƙofofi a rage ruwa, sai kogi ya hau ko an yi kwanaki ba a yi ruwan sama a gari ba. Masu karatu na Najeriya sun san wannan zance, don ba su manta ambaliyar 2012 da ta 2022 ba, daga Adamawa har Makurɗi da Lokoja. Abin da ya ci garuruwa a can, ta ƙofar gidanmu ya fara wucewa.

Wani abin da na lura, sau da yawa in aka yi rashi a ruwa ba mutum ɗaya ake rasawa ba. Ɗaya ya nutse, abokinsa ya faɗa don ya cece shi, mai nutsewa kuwa duk abin da ya kama ba ya saki. Shi ya sa a motata kullum akwai igiyar ja da jarka mai lita 20, babu komai a ciki, murfinta a ɗaure tam. Jarkar nan tana iya riƙe ƙato a saman ruwa. A ɗaura mata igiya a jefa, ko a miƙa gora, ko tsohon tub na taya. Wanda bai koyi ceto ba kada ya shiga. Wannan kaya duka bai kai kuɗin katin waya na wata ba, kuma ya kamata kowace motar shata ta riƙe.

Ko da ruwa ya ja a Oktoba ya bar gurabu kwance, masu kyau a ido, akwai sauran rina a kaba. A irin wannan ruwa mai ɗumi ne katantanwa ke zama, daga jikinta kuma ƙananan tsutsotsin tsargiya ke fitowa su huda fatar mai wanka, bai ji ba bai gani ba. Sai bayan makonni ko watanni yaro ya fara fitsarin jini. Mu da muna yara ana ce mana alamar balaga ce. Ƙarya ce, ciwo ne, kuma in ya daɗe yana lalata mafitsara da ƙoda. Maganinsa na nan a asibiti, ƙwayar praziquantel, irin wadda ake raba wa 'yan makaranta. Duk uban da ɗansa ya dawo daga yawo ya tambaye shi ko ya shiga ruwa, ya kuma sa ido.

Game da hanya ba zan tsawaita ba. Daga Garwa zuwa Marwa kilomita 200 da 'yan kai ne, ta Pitowa da Figil. Daga Marwa zuwa Mokolo wajen 80, sannan a sauka daga kwalta a kama burji, wajen 50 zuwa Rumsiki, wadda da damina takan ci lokacin da ya fi na kwaltar Mokolo nesa ba kusa ba. Wanda ya ce zai je ya dawo Garwa a yini ɗaya, dare zai yi masa a dutse. A shirya kwana. A tashi bayan asuba, don hadari ya fi haɗuwa da yamma. Motar mutum 15 kada a cusa mata 22 don kuɗin kowa ya ragu. A gangara da giya ake sauka, ba da birki ba. In ka ji ƙaurin birki ka riga ka makara, nemi gefe ka tsaya. In ka fito daga ruwa kuma ka ɗan tattaka shi ya bushe kafin ka ƙara wuta. Masu nufar kudu, wajen Ngaundere, su san hawan nan na kusa da Mbe ba wurin koyon tuƙi ba ne, manyan motoci ne ke hawa da sauka. Kowa ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa, don shingaye suna da yawa, kuma mutum ɗaya marar kati yana iya shanya mota guda a rana. Sai tsaro. Ƙauyukan bakin iyaka na Mayo Tsanaga da Mayo Sava, irin su Turu da Mozogo da Kolofata, ba wurin yawo ba ne yanzu. A wajen Tuboro kuma masu garkuwa da mutane ne matsalar. A tambayi direbobin tasha ranar tafiya, kada a dogara da labarin makon jiya.

A kan dutsen kansa, da ɗan gari akan ci gari. A nemi jagora daga ƙauyen, a biya shi jaka biyu ko uku na sefa, ba faɗuwa ba ce. Shi ya san dutsen da ke da gansakuka mai santsi, shi ya san ciyawar da kububuwa ke kwanciya, shi zai kalli gabas ya ce a sauka tun kafin aradu ta fara, don ƙololuwar dutse ba wurin tsayawa ba ne da hadari. Silifa da takalmin gayu a bar su a mota. A hau da sanyin safiya, a riƙe ruwan sha, a yi sallah a kan lokaci, falale mai tsabta ba ya wuya a can.

Akwai kuma ladabi, wanda a nan ne wasu yaranmu ke ba ni kunya. Katangun nan na gonaki ba matakalar hoto ba ce. Dutse aka ɗora kan dutse ba siminti, kaka da kakanni, kowace shekara ana gyarawa. Su ke riƙe ƙasa, su ke rage gudun ruwan da zai gangaro mana. Ƙato ya hau ya ture duwatsu uku, ruwa na gaba ya ɓalle wurin ya kwashe kunya biyu na geron wata tsohuwa, shi kuwa yana Garwa yana ƙirga masu son hotonsa. Haka karya kara, haka tsinkar masarar mutane da sunan wasa, haka ɗaukar hoton mace a ƙofar gidanta ba sallama ba izini, haka barin leda da gorar lemo a bakin ƙorama. Akwai itatuwa da duwatsun da mutanen wurin ke girmamawa a al'adarsu. Ba sai ka yarda da abin da suka yarda da shi ba kafin ka bar musu kayansu. Ni kaina na sha kai baƙi wurin tsohon nan na Rumsiki mai duba da ƙaguwa, ban taɓa tambayarsa komai ba, ban kuma taɓa yi masa dariya ba. Mu tuna kuma cewa ba don shan iska kakanninsu suka hau can ba. Har farkon ƙarni na 20 mahaya dawaki daga fili suna kai musu harin kamun bayi, sunan Hamman Yaji na Madagali bai ɓace daga bakin tsofaffinsu ba. Wanda ya zo daga fili da babbar riga, ya zo da sallama da sunkuyar da kai, ya kuma bar sunayen rainin nan da muke kiransu da su a gida.

Na san wasu iyaye ba ruwa ne ke cin ransu ba, cuɗanyar samari da 'yan mata ce. Suna da hujja. Amma maganin wannan babba ya shiga motar: kawu ko malamin makaranta a gaba, gwaggo ko yaya a cikin 'yan mata. In aka ce hani ne kawai, tafiyar ba za ta fasa ba. Za su ce sun tafi gaishe da wani a Pitowa, su hau babura uku-uku, ba jagora, ba igiya, ba wanda ya san inda suka nufa. Wannan na riga na fara gani.

Roƙona ga limamai, tunda Juma'a ce ke tara kowa, su ware minti biyu a cikin waɗannan makonni su yi maganar mayo da kogi da sunayensu. Lamidai da jaurori na ƙauyukan da ake zuwa su tsayar da samarinsu masu jagora, a san su, a san kuɗinsu. Ƙananan hukumomi su kafa allo a bakin Kola da mashigan Binuwai da kowane radiye, su kuma kafa sanda mai jan fenti da direba zai ga iyakar ruwa. Gidajen rediyo da jaridu irin taku su riƙa faɗin ranar da za a buɗe Lagdo da Hausa da Fulatanci, don masunta da masu wanki da yaran da ke zuwa bakin kogi ba su karanta sanarwar Faransanci. Ƙungiyoyin direbobi kuma mu sa wa kanmu doka: motar da ba ta da igiya da jarka da safaya mai iska ba ta ɗaukar shatar yara.

Makarantu za su koma a farkon Satumba, amma ciyawa ba ta bushewa sai cikin Oktoba, saboda haka masu son ganin duwatsu da korensu suna da sauran Asabar da Lahadi. Masu son Kola da wanka su jira hutun Disamba.

Na gode da fili. Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani tsohon direba,
Yelwa, Garwa, Kamaru.